Munduwar Fata Mai Naɗi: Wane Tsari Ya Dace da Hannunka?

Munduwar fata mai naɗi ita ce wadda ake yi da tsayi, a zagaya ta a wuyan hannu sau biyu, uku ko biyar kafin a ɗaure. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, amma tsari huɗu ne suka fi yawa: mai duwatsu jere tsakanin igiya biyu, mai faɗi irin madaurin agogo, mai kitso da maganaɗisu a baki, sai igiya zalla mai ƙugiya ko ƙullin zarge. Mai saye da mai son haɗawa da hannunsa, tambaya ɗaya ce a gabansu: ta ina munduwar nan za ta fara lalacewa, kuma in ta lalace tana gyaruwa? Ba kasafai fatar ce ke fara gazawa ba. Yawanci zare ne, ko gam, ko ƙofar maɓalli.

Abin da za a duba

Na farko tsada, kuma kashi biyu ce: kuɗin kaya da lokacin aiki. Wata munduwar kayanta ba su kai komai ba, aikin hannu ne ya ɗaga ta. Na biyu ƙarko, wato wurin da ya fi rauni da kuma yadda yake jure zufa da ruwa. Na uku sauƙi: ko mutum zai iya ɗaurawa da hannu ɗaya ba tare da ya nemi taimako ba, da ko sabon hannu zai iya haɗa ta. Na huɗu haɗari ga jiki, daga ƙaiƙayin ƙarfe har zuwa maganaɗisu. Akwai kuma na biyar da mutane suka fi mantawa, ko ana iya ƙara mata girma ko ragewa bayan an gama.

Abubuwa biyu sun shafi duka tsarukan, gara a gama da su tun yanzu.

Awo

A munduwa mai zagaye ɗaya, kuskuren santimita guda ba ya damun kowa. A mai zagaye biyar kuwa ya zama santimita 5, kuma wannan sarari ba ya rabuwa daidai tsakanin zagayen. Duk yana taruwa wuri guda, zagaye ɗaya ya riƙa lilo yana kama hannun ƙofa da bakin aljihu, sauran huɗun suna matse.

Ga lissafin. A auna wuyan hannu da tef, a bayan ƙashin nan da ya turo, kada a matse. A ƙara kaurin munduwar sau uku, domin abu mai kauri in an lanƙwasa shi cikinsa yana tsukewa. Sannan a ƙara rabin santimita zuwa santimita ɗaya na walwala. Abin da ya fito shi ne tsawon zagaye ɗaya, sai a ninka da yawan zagayen. Misali, wuyan hannu mai santimita 16 da duwatsu masu milimita 4: 16 da 1.2 da 0.6, kusan 17.8 ke nan, zagaye uku ya ba da santimita 53. Wannan hannun dai, da kitso mai kaurin milimita 6, zagaye ɗaya yana neman wajen 18.5. Wanda ya manta da kauri zai ga munduwar ta yi daidai a kan tef, amma ta ƙi haɗuwa a hannu.

Fatar kanta

Jima iri biyu ce. Akwai ta tsirrai, da ɓawon itace ko 'ya'yan bagaruwa, wadda ke ba da fata mai ƙwari da ke riƙe siffarta, tana yin duhu da sheƙi a hankali, amma ba ta son ruwa: in ta jiƙa ta bushe sai ta yi tauri, kuma ƙarfe mai tsatsa yana bar mata baƙin tabo mai wuyar fita. Akwai kuma jimar kurom, wato da sinadarin wani ƙarfe mai wannan suna, wadda ta yaɗu tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma mafi yawan fatar duniya a yau da ita ake jemewa. Tana da laushi, tana karɓar launi mai haske, ta fi jure ruwa. Illarta ita ce wasu jikinsu ba ya shiri da kurom, shi ya sa Tarayyar Turai tun 2015 ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in nau'in kurom mai lamba 6 da ke cikinsu ya kai miligiram 3 a kilo.

Abin gudu shi ne fatar da aka niƙa ragowarta aka haɗa da gam, da kuma ta roba da aka yi wa zanen fata. Munduwa mai naɗi lanƙwasa take sha dare da rana, waɗannan kuwa a wurin lanƙwasa suke ɓarewa. A duba bakin da aka yanka: fata ta gaske zaruruwa ne cunkushe, ta roba kuwa za a ga yadi ko soso a ƙarƙashi. Sannan a goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a kai. In ya ɗauki launi, hannun riga ma zai ɗauka.

Tsari na ɗaya: mai duwatsu tsakanin igiya biyu

Wannan shi ne tsarin da kamfanin Chan Luu na Los Angeles ya yi suna da shi, kuma shi ya fi kowanne cin aiki. Ana ninka igiyar fata mai zagaye, milimita 1.5 ko 2, a zura maɓalli a tsakiyar ninkin a ƙulla. Sai a kafe ta a kan allo ta miƙe, a riƙa ɗinka dutse ɗaya bayan ɗaya a tsakanin igiyoyin kamar matakalar tsani: allura ta ratsa dutsen ta ƙarƙashin igiyoyi, ta zagayo ta sake ratsa shi ta samansu. A ƙarshe a yi ƙulli biyu ko uku da tazara a tsakani, su ne ƙofofin maɓalli.

Ga hannu mai santimita 16 da zagaye uku, ana bukatar igiya wajen santimita 135, domin ninki ce kuma ƙulli yana cin tsayi. Wurin da duwatsu za su zauna kusan santimita 48 ne, wato duwatsu 120 masu milimita 4, ko 80 masu milimita 6. Zaren duwatsu da ake sayarwa yawanci santimita 38 zuwa 40 ne, saboda haka guda ɗaya ba zai isa ba, a sayi biyu tare don kada launi ya bambanta. Zaren ɗinki, in an ninka shi, zai ci mita 5 zuwa 6. Kada a zura shi duka lokaci ɗaya, zai harɗe ya kuma gaji da ratsa duwatsu tun kafin a kai ƙarshe. A yi shi kashi-kashi, a ɓoye mahaɗin a cikin dutse. Maɓalli mai faɗin milimita 13 zuwa 15 ya wadatar.

Rayuwar wannan munduwa duk a kan zare take. Zaren nailan irin su C-Lon ko Nymo, a ninka, a shafa masa kakin zuma, shi ya fi dacewa. Siliki yana da kyaun gani amma yana miƙewa, zufa kuma tana cinye shi. Zare mai tsananin ƙarfi irin na kamun kifi ba ya saurin tsinkewa, sai dai shi yake yanka fuskar igiyar a hankali. Dutse mai kaifin rami, musamman mai rahusa da aka huda da gaggawa, yana gurza zaren daga ciki inda ido ba ya gani, ranar da ya tsinke kuma duwatsu uku ko huɗu za su zube kafin a ankara. Na gilashi da ake yi a ƙasar Cek girmansu ɗaya ne, raminsu sumul, shi ya sa suka fi yi wa sabon hannu sauƙi. Aƙiƙ yana da tauri, yana jure gogayya. Lu'ulu'un teku da murjani kuwa turare da zufa suna dusashe su, ba na kullum ba ne.

Kuskure biyu ne suka fi fitowa a aikin. In an ja zare da ƙarfi, munduwar sai ta murɗe kamar igiyar da aka tufka, ta ƙi kwanciya a hannu. In duwatsun ba girmansu ɗaya ba, igiyoyin sai su riƙa shiga suna fita, zare ya bayyana a gefen ƙananan. Akwai dabara ƙarama da ke raba aikin gwani da na koyo: a fara da dutse ɗaya ko biyu ƙanana kusa da ƙulli, sannan a hau zuwa cikakken girma, a sauka haka a ƙarshe. Ba tare da haka ba, dutsen farko yana tura igiyoyin su buɗe da ƙarfi, zaren wurin ya fi ko'ina shan wahala.

Kafin a fara, a bi igiyar da yatsa daga farko har ƙarshe, a ja ta da ɗan ƙarfi. Igiyar da ke kan ƙwarya mai tsayi takan zo da mahaɗi da aka manne da gam, kuma bai kamata wannan mahaɗi ya faɗo a tsakiyar aikin sa'o'i ba.

Tsadarta ta fi ta sauran in an saya a haɗe, saboda aikin hannu. Tana gyaruwa: a warware zaren a sake ɗinki, duwatsu da maɓalli ba su yi asara ba. Ɗaurawa da hannu ɗaya tana son sabo, amma ba ta gagara.

Tsari na biyu: mai faɗi irin madaurin agogo

Tsiri ne na fata, faɗin milimita 6 zuwa 12, mai zagaye biyu, da wuya ya wuce uku. Kamfanin Hermès na Faransa ya fito da madaurin agogo mai zagaye biyu a 1998, lokacin da Martin Margiela ke tsara masa kaya, kuma har yau wannan siffa ce ake bi. A ganina wannan ne tsarin da ya fi kowanne ƙarko, domin babu abin da ke riƙe da shi sai fata da ƙarfe.

Kaurin da ya dace milimita 1.2 zuwa 1.6 ne. Wanda ya fi haka ba ya kwanciya a zagaye na biyu, wanda bai kai ba kuma ramukansa suna yagewa. A yanko tsirin daga bayan fata, a bi tsawon gadon baya. Fatar ciki sakwa-sakwa ce, tana miƙewa, bayan 'yan makonni munduwar ta yi yawa. Ga hannu mai santimita 16, daga maɗauri zuwa ramin tsakiya wajen santimita 34 da rabi ne, a ƙara 4 na jela da 2 zuwa 3 na ninkin da zai riƙe maɗaurin. Ramuka biyar masu tazarar milimita 5 zuwa 7 sun isa.

Maɗaurin iri biyu ne. Akwai mai harshe irin kan bel, wanda ba ya kwancewa da kansa ko an fizge shi. Akwai kuma ƙusa mai kai kamar ƙwallo, wadda ake tura ta cikin rami mai ɗan tsagi. Ta fi kyaun gani, ta fi saurin ɗaurawa, sai dai ramin yana buɗewa da amfani, musamman a fata mai laushi. Da fatar jimar tsirrai mai ƙwari ta fi tafiya. Ninkin maɗauri in an ɗinke shi ya fi na ƙusar matsi, wato wadda ake bugawa ta haɗe fata biyu, domin ɗinki ana iya sake shi, ƙusar kuwa in ta yage fata ta tafi da wurin.

Gefen tsirin ne ke nuna ingancin aiki. Fatar tsirrai ana rage mata kaifin gefe, a goge da takardar yashi, a ɗan jiƙa, a murza da itace da kakin zuma har ya yi santsi. Fatar kurom ba ta karɓar murza, fenti ake shafa wa gefenta, kuma fentin nan yakan tsage a wurin lanƙwasa bayan an daɗe. Gefen da aka bari haka nan yana gurzar hannu, yana kuma shan zufa.

Rauninta shi ne zafi. Tsiri mai faɗi zagaye biyu yana rufe fatar hannu, zufa ta taru a ƙasa. In maɗaurin tagulla ne, zai bar kore a fata da hannu. In kuma rufin nikel ne, shi ne ƙarfen da ya fi jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a kayan ado. Ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L ko azurfa mai lamba 925 sun fi kwanciyar hankali.

Tsari na uku: mai kitso da maganaɗisu

Kitso ne mai zagaye, kaurin milimita 3 zuwa 6, an cusa bakinsa biyu cikin hular ƙarfe an manne. Babu wanda ya kai shi sauƙin ɗaurawa: a kusanto da baki biyu, su kama kansu. Haɗa shi ma aikin mintoci ne, ban da jiran gam.

Gam ɗin nan shi ne komai. Ramin hular dole ya zo daidai da kaurin kitson, zurfinsa kuma kada ya gaza milimita 6. Kafin a yanka kitso a naɗe wurin da zare ko salatif, in ba haka ba yana warwarewa nan take. A kankare cikin hular kaɗan, a goge maiƙo, a sa gam mai haɗi biyu, wato wanda ake gauraya ruwansa iri biyu kafin a shafa, a bar shi awa 24. Gam mai kamawa nan take yana shiga cikin fata ya busar da ita, sai ta karye daidai bakin hular, inda lanƙwasa ta fi yawa. In hula ta fita ana iya mayarwa, amma in kitson ya karye a nan, sai an yanke, munduwar kuma ta gajarce.

Babu ƙari babu ragi a girmanta, don haka kuskuren awo ba shi da magani. Yawancin masu rahusa kuma siraran tsiri ne aka kitsa a kan zaren auduga ko roba, wasu ma ba fata ba ne sam.

Maganaɗisu mai fuska biyu da ke haɗuwa kawai yana buɗewa da an fizge shi, munduwa ta faɗi ba a ji ba. Wanda ake zurawa ta gefe, ko a murɗa ya kulle, ya fi riƙo nesa ba kusa ba. Sai maganar lafiya, wadda ba ta wasa ba ce. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ana shawartarsa ya nisanta maganaɗisu da ita da aƙalla santimita 15, hannu kuwa yana kai wa ƙirji sau da yawa a yini, musamman a barci. Ƙaramin maganaɗisu in ya fita yaro ya haɗiye, musamman guda biyu, suna iya kama juna ta cikin hanji su huda shi. Yana kuma rikita agogo mai tafiya da zaren ƙarfe in a hannu ɗaya aka sa su. Mafi yawan waɗannan maganaɗisai da nikel ake rufe su, mai ƙaiƙayi ya lura.

Tsari na huɗu: igiya zalla

Igiya ce mai milimita 1.5 zuwa 2, zagaye huɗu ko biyar, ƙugiya a baki ɗaya, ƙullin zarge a ɗayan don ƙara tsayi ko ragewa. Ita ta fi araha, kowa kuma zai iya haɗa ta. Ƙullin yana goge fuskar igiyar a wurin da yake zirga-zirga, nan take fara tsinkewa, kuma mai milimita 1 ba ta jure fizga. Ƙugiya tana kama saƙa da gashi. Amma in igiyar ta mutu, sabuwa ake sawa a tsohuwar ƙugiya, shi ke nan.

| Tsari | Tsada | Inda yake fara lalacewa | Gyara | Ɗaurawa da hannu ɗaya | Daidaita girma | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mai duwatsu | Mai yawa | Zare | Ana sake ɗinki | Sai an saba | Ƙofa 2 ko 3 | Duwatsu na zuba in zare ya tsinke |
| Mai faɗi | Matsakaiciya zuwa mai yawa | Rami da gefe | Mai sauƙi | Matsakaici | Ramuka 3 zuwa 5 | Zufa, ƙaiƙayin ƙarfe |
| Mai kitso | Kaɗan zuwa matsakaiciya | Gam a bakin hula | Iyakantacce | Mafi sauƙi | Babu | Maganaɗisu, faɗuwa |
| Igiya zalla | Kaɗan | Wurin ƙulli | A sauya igiya | Matsakaici | Yadda ake so | Ƙugiya na kama tufafi |

Duka huɗun ba sa son wanka da su. In sun jiƙa a goge, a shanya a inuwa, kada a kai su rana ko kusa da wuta. Man fata ɗan kaɗan ake shafawa, a san kuma yana ƙara wa fatar tsirrai duhu. A mai duwatsu a kiyaye kada ya taɓa zaren, domin yana tara datti.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai son munduwa guda da zai riƙa sawa kullum shekara da shekaru, ya ɗauki mai faɗi, zagaye biyu, fata ta gaske, maɗauri mai harshe na ƙarfe mara tsatsa. In yana yawan zufa ko yana wanke hannu akai-akai, ya rage faɗin zuwa milimita 6 ko 8, ya zaɓi jimar kurom, muddin jikinsa yana shiri da ita.

Wadda ke neman ado da launi, kuma ba ta ƙi cirewa in za ta yi aikin ruwa ba, mai duwatsu ce tata. Zagaye uku ya fi biyar sauƙin zama da shi; biyar yana da nauyi in duwatsun milimita 6 ne, ɗaurawa ma tana ɗaukar lokaci. Wajen saye a lanƙwasa ta a duba ko zaren ninki ne, a ja maɓallin a ga ko ƙullin yana motsi.

In kyauta za a yi kuma ba a san awon hannun ba, a guji mai kitso. Mai faɗi mai ramuka biyar ko mai duwatsu mai ƙofa uku suna ba da wurin kuskure. Wanda yatsunsa ke ciwo ko rawa, ko mai amfani da hannu ɗaya, maganaɗisu mai kulle ne zai sauƙaƙa masa, in dai ba ya ɗauke da na'urar zuciya kuma babu ƙananan yara da ke wasa da hannunsa.

Mai jiki da ba ya son ƙarfe, ya nemi fatar jimar tsirrai da maɓallin itace, ƙaho ko ɓawon kwakwa, a tsarin mai duwatsu ko igiya zalla mai ƙulli ba ƙugiya, ta yadda babu ƙarfen da zai taɓa shi ko kaɗan. Mai aiki kusa da inji kuwa, ya cire kowace iri kafin ya fara, domin munduwa mai naɗi doguwar igiya ce kuma maɗauri mai harshe ba ya saki.

Sabon hannu da ke son koyo ya fara da igiya zalla don ya gane awo da ƙulli, sannan ya yi mai duwatsu zagaye ɗaya tak, da duwatsun gilashi masu milimita 4 guda 35 zuwa 40 da igiya santimita 65, kafin ya shiga ta zagaye uku.